Buhunan Siminti a Saman Gadonki

Farin gari na fara gani a girarki. Ranar Talata ce da hantsi, na gama yi miki wanka, na shafa miki mai, na kwantar da ke a gadonki, na juya in ɗauko riga. Da na waiwayo sai ga wani abu fari kamar garin masara a girarki da kumatunki. Watanki uku a lokacin. Na ɗauka hoda ce, sai na tuna ban ma buɗe hodar ba. Na goge miki da bakin zani. Ina tsaye a wurin wani ya sake zubowa, a hankali, ta cikin hasken taga. Na ɗaga kai. Wani siririn layi ne a silin, ya taso daga gindin ƙwan lantarki ya nufi bango, daidai saman inda kike kwance. Jiya babu shi. Na tabbata babu shi, domin mai jego ba abin da take kallo a gida kamar silin.

Alheri, ina rubuta wannan tun abin bai yi nisa ba, ko da yake sai nan da shekaru za ki karanta, in Hausar ta zauna a bakinki.  Abin da ya sa ban jira ba, a coci an riga an fara ba da labarin ta wata hanya, wai Saratu ta kira wa surukinta hukuma. Wasu da dariya suke faɗa, wasu ba da dariya ba. Za ki girma ki ji. Ban kira hukuma ba, kuma kakanki ba ragon magini ba ne. Ga yadda aka yi.

Gidanmu na unguwar Glenwood, a nan ƙasar Turawa, tsohon gida ne na katako, ɗakin kwana ɗaya, falo, kicin, sai banɗaki da ba a zuwa sai an ratsa falon. Ni da babanki, Iliya, ya ishe mu. Da aka haife ki sai kakanki ya zo daga Bukuru ganin jika, kakarki kuwa takardunta suka makara, aka ce sai ta biyo baya. Baba, wato kakan naki, ya riƙa kwana a falo. Ke da za ki tashi a nan ba lalle ki gane nauyin wannan ba. Ni ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, in zan yi masa magana sai na rusuna ina kallon ƙasa. To ga ni mai jego, ga shi kwance tsakanina da banɗaki. Sai in zauna a ɗaki ina saurare har in ji ya fita baranda da rediyonsa, sannan in wuce da sauri. Shi ma a takure yake, na sani, domin ko ana sanyi sai ya fita ya zauna waje don ya ba ni hanya.

Ni na fara kawo maganar ɗakin sama, wannan ba zan ɓoye miki ba. Kafin cikinki ya tsufa ina aikin share gidaje a unguwar Irving Park, a can na ga yadda suke mai da cikin rufi ɗaki, da gado da taga da komai. Na ce wa babanki mu ma ai muna da wurin, ga murfinsa nan a silin lungun banɗaki, me zai hana a gyara wa Baba da Mama kafin ta iso? Babanki ya gaya wa Baba. Ranar ce na fara ganin Baba ya yi dariya sosai tun zuwansa. Mutum ne da ya shekara talatin da wani abu yana gini, ya gina coci-coci da benaye, ba a taɓa cewa ga bangonsa ya faɗi ba. Ya zo ƙasar nan ya zauna hannu rabbana, ba mai tambayarsa komai. Yakan ƙwanƙwasa bangon falo da yatsa ya ce wa babanki:

"Iliya, wannan gida ka saya ko kwali?"

Ya hau tsani da tocila ya leƙa. Da ya sauko ya ce wuri ya yi, sai dai masu ginin sun yi sakaci, sun bar matokaransu ba su kwashe ba. Akwai katakai da yawa a can sama, wasu a tsaye a karkace, wasu a gicciye, sun cika tsakiyar wurin. A gida in an zuba dekin ana tokare shi da itatuwa har siminti ya kama, in ya kama sai a cire su, ginin ya tsaya da kansa. Abin da Baba ya gani ke nan. Idonsa bai taɓa ganin ginin da katako ne ƙashinsa ba. Ya kuma ce ba zai kwantar da matarsa a kan falanki kamar kaza a akurki ba, daɓen siminti za a yi, a sa tayil.

Ranar Asabar mazan coci suka zo gayya. Na dafa musu gwate babbar tukunya, ina kicin ina jin ƙarar zarto a sama da muryar Baba yana ba da umarni, ga dariya, ga tsiya. Wani dattijon coci da ke zaune can Pleasant Garden ya kawo kaya da motarsa. Suka yanke katakan tsakiya suka zubo su waje, suka shimfiɗa falankai, suka yi ta miƙa buhunan siminti da kwalayen tayil ta ramin nan hannu da hannu. A tsakiya suka jibge su, don nan ne kawai mutum zai iya miƙewa tsaye. Tsakiyar nan kuwa ita ce saman ɗakinmu. Aka ce Asabar mai zuwa za a kwaɓa. Ban ji komai a raina ba ranar. Murna nake yi.

To, ranar Talatar da na ga layin, na sure ki na kai ki kicin na sa ki a kujerarki ta mota. Baba yana baranda. Taku goma ne tsakaninmu, amma na kasa. Me zan ce? Aikinka ya fasa mana silin? Na kira babanki a wurin aiki, ya ce in jira ya dawo. Da yamma ya duba, ya kira Baba. Baba ya tsaya a bakin ƙofa, don ba ya shiga ɗakinmu, ya ɗaga kai ya kalla.

"Fenti ne ya tsage," in ji shi. "Gini in ya ɗauki kaya sai ya ɗan zauna. Ba komai."

Na ga kafaɗun babanki sun sauka. Bayan Baba ya fita na ce masa hankalina bai kwanta ba.

"Maman Alheri, kin ji abin da ya ce. Ni direba ne, ke kin gama sakandare, shi kuma tun ba a haife mu ba yake gini. Wa za mu bi?"

 Na hau kujera na ɗiga alama da fensirin gira a daidai inda layin ya tsaya. Na ce ɗakin ya yi miki zafi, muka kwana ni da ke a kan tabarma a kicin. Da safe babanki ya fita tun da wuri. Na je in duba, ƙofar ɗakin da kullum take buɗewa da yatsa ɗaya ta ƙi, sai da na sa kafaɗa, samanta yana gurzar katako. Layin ya wuce alamata da tsawon hannuna, ya kuma yi reshe. Ina tsaye na ji wani ɗan sauti a sama, ƙas, kamar an karya tsinken tsintsiya. Ban san lokacin da na goya ki na fita ba takalmi ba.

Maƙwabciyarmu Hajiya Fati na nufa. Mutuniyar Kumasi ce, ta daɗe a garin nan, tana aiki a gidan kula da tsofaffi, ranar Asabar kuma ta dafa wake da shinkafa irin nasu ta sayar. Tun da na haihu take leƙo ni kamar uwa. Ta biyo ni, ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin ta kalli sama, ba ta sa ƙafa ciki ba.

"Ei! Me kuka ɗora a can?"

Na gaya mata.

"Siminti? A kan wannan gidan ashana? Ɗiyata, ko ni da nauyina ba na hawa saman nawa koraa, ko kusa, ku kuka kai siminti?"

Ta ja ni gidanta. Ta ce shekarun baya da za ta faɗaɗa barandarta, ofishin gari ya ƙi ba ta takardar izini sai da ta kawo zanen injiniya. Ba kafinta ba, ba magini ba, wadda aikinta shi ne ta lissafa nauyin da katako zai iya ɗauka. Ta tono katinta daga cikin wata jaka. Na riƙe katin na kasa danna lambar. Na ce Hajiya, in na kira wata ta zo ta duba aikin Baba, na gama zama lafiya a dangin nan. Za a kai labari har Bukuru.

"Za a kai," ta ce. "Wanne kike so a kai, wannan ko na cewa sili ya faɗo kan yarinya?"

Na kira. Na fara, Hajiya ta karɓe wayar ta ƙarasa bayani, muka tura hoton silin. Ba a jima ba matar ta kira da kanta. Ta ce kada kowa ya shiga ɗakin, kada kowa ya hau sama, tana zuwa ƙarfe uku. Hajiya ta turo mini biro da bayan wata ambulan ta asibiti.

"Rubuta abin da za ki tambaye ta. In ta zo za ki rikice, Turancin zai gudu ya bar ki."

Na rubuta: Zai faɗo? Yaushe? Ina za mu kwana? Hajiya ta ce in ƙara, tunda ta zo a gama da ita gaba ɗaya. Na ƙara: Wurin zai iya zama ɗaki kuwa? Katakon ƙasan zai ɗauki mutane da gado? Wane katako ake cirewa, wanne ba a taɓawa? Tsawon ya isa? Ta ina za a hau? In gobara ta tashi ta ina tsofaffi biyu za su fita? Wayoyin wutan da ke can fa, da zafin bazara? Wace takarda ake nema, wa ke zuwa dubawa? A can ƙasa na rubuta ɗaya da Hausa, wadda ban nuna wa Hajiya ba.

Sai na kira babanki na gaya masa. Ya ce:

"Saratu, kin san abin da kika yi?"

"Na sani. Ƙofar ba ta buɗuwa, Baban Alheri. Na ji katako ya karye da kunnena."

"Ba za su bar ni in tashi yanzu ba. Ke za ki gaya masa."

Na tarar da Baba a baranda. Na durƙusa, ke kina bayana. Na ce akwai baƙuwa da za ta zo ta duba sama. Ya rage muryar rediyo.

"Wa ya kira ta? Iliya?"

"Ni ce, Baba."

Ya daɗe yana kallon titi. Bas ta wuce, 'yan jami'a biyu suka wuce a kan keke. Ya ce, "To." Ya mai da muryar rediyonsa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Injiniyar gajeruwa ce, baƙar fata, gashinta ya fara furfura, da takalmin aiki da fitila ɗaure a goshi. Ta gaida Baba, ya amsa da kai. Ta hau tsani, ta tsaya daga bakin ramin tana haskawa, ba ta taka ciki ba. Da ta sauko fuskarta ta sauya. Ta tambayi wa ya cire katakan da ke riƙe rufin. Baba yana jin Turanci, amma na mutanen nan yana yi masa sauri, sai ya juyo gare ni.

"Me ta ce?"

Ga ni, ga surukina, ga maganar da dole ta bi ta bakina. Na ja matar gefe, na nuna mata layin ƙarshe na ambulan ɗina na fassara mata: Za ki iya gaya masa ba tare da kin kunyata shi ba? Na ce mata magini ne babba a ƙasarmu. Ta tambaye ni da me yake gini, na ce bulo da rodi da siminti. Ta gyaɗa kai kamar yanzu ta gane komai. Ba ta ce masa ka yi kuskure ba. Ta fito da zare daga jakarta, ta ce in roƙe shi ya taimaka mata, tana buƙatar idon magini. Suka tsaya daga bakin ƙofa, ta maƙala zaren a bango ɗaya da wata doguwar sanda, ta ba Baba ɗaya bakin ya ja ya miƙe, tazararsa da silin daidai a kowane gefe. A gefe akwai fili kamar yatsu huɗu. A tsakiya silin ya sauko ya kwanta a kan zaren har ya danne shi. Baba ya kalla, ya kalla. Sannan ta fita da shi tsakiyar titi ta nuna masa doron rufin. Ni ma na gani. Ya lotsa kamar bayan tsohon jaki.

"Ya yi ciki," in ji Baba a hankali. Ba da ni yake ba.

Ta ce in gaya masa, a gininsu ana cire matokarai don siminti ya tsaya da kansa, a nan kuwa ba ranar da katakon zai gama aikinsa, shi ke riƙe da rufin har abada. Katakan ƙasa kuma an sa su ne su riƙe silin kawai, biyu daga ciki sun riga sun tsage. Na faɗa ina kallon ƙafafuna. Sannan na karanta mata tambayata ta farko. Ta ce ba za ta iya faɗin rana ko sa'a ba, amma da an kwaɓa simintin nan da ruwa ranar Asabar, ba ta jin za a gama zubawa. Na zauna a kan matakalar baranda. Sauran tambayoyin ta ce in adana, za ta dawo. Yanzu a tokare silin daga ƙasa tukun, sannan a sauke kaya buhu ɗaya-ɗaya, mutum ɗaya a sama, yana bin gefe.

Da na fassara maganar tokarewa sai Baba ya miƙe. Wannan aikinsa ne, ya fi kowa saninsa. Ya sa aka kira mazan coci, suka zo bayan an tashi aiki, wannan karon ba dariya. Katakan nan da suka yanke suka zubar, su ya sa aka tsinto aka haɗa da sababbi. Shi ya fara shiga ɗakin, ya hana kowa binsa har ya kafa na farko. Ya shimfiɗa katako a ƙasa, wani a sama, ya buga 'yan guntayen katako a tsakani ya matse. Injiniyar ta jira ta duba, ta jijjiga kowanne, ta ce ba ta da gyara. Ban fassara ba, na ga ya ji. Babanki ya hau, ina waje a ƙofar Hajiya ina kallon buhuna suna fitowa. Duk wanda ya fito sai in ji kamar daga ƙirjina aka ɗauke shi.

Kwana tara muka yi ni da ke a falon Hajiya. Injiniyar ta yi zane, aka nemi izini, wani kafinta mai lasisi ya zo ya mai da abin da aka cire, ya haɗa wa katakan da suka tsage sababbi a gefe ya ɗaure da ƙusoshi masu kauri. Baba ya ƙi barin gidan. Yana nan tsaye kan kafintan daga safe har yamma, yana kallon hannunsa. Kullum in dafa in aika da babanki, kullum kwanon ya dawo yadda ya tafi. Shayi da burodi ya koma yi wa kansa. In na je gaishe shi sai ya ce "Lafiya," ya tsaya nan. Ranar Lahadi a coci matan zumunta suka yi ta kallona, ɗaya ta matso ta ce ashe yaran yanzu ido ya buɗe. Babanki bai yi mini faɗa ba, bai kuma ce na kyauta ba. Kakarki ta kira daga gida ta yi ta tambayar lafiyarki, ba ta tambayi tawa ba. Na yi kuka a banɗakin Hajiya ba sau ɗaya ba. Amma duk lokacin da na tambayi kaina ko da na haƙura, sai in tuna sautin nan, ƙas.

Ranar Juma'a da rana injiniyar ta dawo. Wannan karon ta shiga can ciki, muna jin takunta a samanmu. Ta daɗe. Da ta sauko ta zauna a teburin kicin ta ce in kawo ambulan ɗina. Ni tambaya ɗaya ta rage mini a duniya, ko zai faɗo, amma ta fara da tambayoyin ɗakin sama tana bi. Wurin zai iya zama ɗaki, in ji ta, amma sai an sa katakai masu kauri a ƙasa waɗanda za su sauke nauyi a kan bango, kuma siminti ba zai taɓa hawa can ba, ko cokali ɗaya. Tsawon da ƙyar ya isa a tsakiya, sai an ɗaga wani sashe na rufin. Tsani ba hanya ba ce, matakala za a yi, kuma za ta ci rabin lungun banɗaki. Dole a yi taga da babban mutum zai iya fita ta ciki in wuta ta tare matakala. Wayoyin wutan tsofaffi ne, sai mai aikin lantarki ya duba, kuma in ba a sa abin tare zafi ba, a watan Yuli ba mai iya kwana a can. Ta ce duk wanda za mu ba aikin mu tambaye shi lasisinsa, mu tambaye shi zanen wa zai bi, mu tambaye shi ko shi zai nemi izini, in ya ce ba sai an nema ba mu sallame shi. Babanki yana rubutawa. Baba yana jingine a ƙofa. Sai ya yi magana, ba ta bakina ba, da Turancinsa na Bukuru. Ya tambaye ta a gida irin wannan wane katako ne mutum zai cire ba tare da ya tambaya ba.

"Babu ko ɗaya," ta ce.

"Haka na gani," in ji shi da Hausa.

Ta tashi ta shiga ɗakinmu. An riga an cire matokaran tun jiya, an liƙe silin, wurin gyaran ya fi sauran fari. Ta sake jan zarenta, Baba ya riƙe mata ba sai an roƙe shi ba. Fili yatsu huɗu a gefe, fili yatsu huɗu a tsakiya. Ta buɗe ƙofar ta rufe da yatsa ɗaya, sau biyu. Ta sa hannu a takarda. Sannan ta juyo ta dube ni, ta yi maganar a hankali yadda ba zan rasa kalma ba. Ta ce rufin ya koma yadda aka gina shi, ya ma fi da ƙarfi. Ba abin da zai faɗo. Yau ma in na so in mai da gadonki.

Na ji, na gane, na ce na gode. Amma na kasa tsallake bakin ƙofar. Ina tsaye rungume da ke, babanki yana cewa "Shiga mana, kin ji ai," ƙafata ta ƙi. Injiniyar ta fara naɗe zarenta, ta kau da kai don kada ta ƙara mini.

Baba bai fito daga ɗakin ba. Mutumin da a da ko inuwarsa ba ta shiga ɗakin surukarsa, sai ya tattara rigarsa ya zauna daɓas a ƙasa, a tsakiya, daidai ƙarƙashin farin wurin nan. Ya miƙe ƙafafu. Bai dube ni ba, ke ya duba.

"Amarya," ya ce, "zo wurin mijinki. Ki gaya wa uwarki ni da ke za mu fara zama a nan. In akwai saura, kaina zai fara samu. Ki kuma ce mata tana da ido. Da namiji ce da na koya mata gini."

Babanki ya yi wata 'yar dariya. Na taka ɗaya, na taka biyu. Na durƙusa a gabansa na miƙa ki da hannu biyu. Kika kama gemunsa kika ja, ya ce wayyo, tun yanzu an fara.

Ƙarfe huɗu saura kwata ne. Na zauna a ƙasa inda nake, kusa da ku, ban tashi ba har rana ta bar tagar.